Wasiƙa Daga Bugaje: Me Ya Sa Wasu Ke Gudun Rigakafi, Wasu Ke Rububinsa?

 

A wannan mako na ajiye darasin da na shirya, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Bugaje, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina. Ta roƙi kada in ambaci sunanta, kuma na amince. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Malam, ina da ƙani ɗan wata takwas wanda ba a taɓa yi masa allura ko ɗaya ba. Duk ranar da masu rigakafi suka shigo unguwarmu, Inna sai ta goya shi ta tafi maƙwabta. Kakanmu ya ce shi ma lokacin korona bai yarda an tsira masa allura ba, ga shi nan da ransa. Ya ce ko Turawan da suka ƙera ta sun yi ta zanga-zangar ƙin ta. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me zan gaya musu? Ina tsoron kada a ce na yi rashin kunya."

'Yata, na gode da wannan tambaya, kuma na san ba ke kaɗai ke da ita ba. Amsa ta farko ita ce: kakanki bai yi ƙarya ba. An yi zanga-zanga a Faransa, an yi a Kanada, an yi a Jamus. Amma labarin bai ƙare a nan ba. Bari mu fara daga gida, sannan mu leƙa wasu ƙasashe, mu dawo kan ƙaninki.

Tsoron yana da tushe

A shekarar 1996, kafin a haife ku, an yi mummunar annobar sanƙarau a Arewacin Najeriya da Nijar da maƙwabtansu. A Najeriya kaɗai sama da mutum dubu 100 suka kamu, sama da dubu 11 suka rasu. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin magunguna na Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin: rabinsu aka ba su Trovan, rabin kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, wasu kuma suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka shafe shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ku lura da abu ɗaya: Trovan ba allurar rigakafi ba ce, magani ne da ake ba wanda ya riga ya kamu. Amma uwar da ta binne ɗanta ba ta da lokacin wannan bambanci. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne, baƙi sun zo da magani kyauta, yara sun mutu. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shi ya sa a 2003, da wasu shugabanni, ciki har da Dokta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, suka yi zargin cewa an zuba sinadarin hana haihuwa a ɗigon rigakafin shan inna, maganar ta samu kunnuwan saurare. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ce ta fi daɗewa, don sai a ƙarshen watan Yulin 2004 ta dawo, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya bari aka ɗiga wa 'yarsa maganin a bainar jama'a.

To me dakatarwar ta jawo? Yaran da shan inna ya kama a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006. Ƙwayar cutar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita kanta Indonesiyar. In kuka ga matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana tafiya a keken guragu, mai yiwuwa yana cikin waɗanda suka biya kuɗin wancan lokaci, alhali ba shi ya yanke shawarar ba.

Abin da ya juya al'amarin ba bulala ba ce. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin, malamai suka yi bayani, mata 'yan unguwa suka riƙa shiga gida-gida. Aikin bai zo da sauƙi ba: a watan Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Duk da haka aka ci gaba. An ga na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Mu leƙa wasu ƙasashe

Kada ku ɗauka shakku a kan rigakafi alamar rashin boko ce. A wani babban bincike da gidauniyar Wellcome ta Ingila ta gudanar a ƙasashe sama da 140 a 2018, ƙasar da ta fi kowace shakku ita ce Faransa: mutum ɗaya cikin uku bai yarda cewa rigakafi ba shi da illa ba. Ƙasashen da suka fi amincewa kuwa, Bangaladash da Ruwanda ne, waɗanda ba su kama ƙafar Faransa a arziki ba. A Ruwanda akwai ma'aikatan lafiya na sa-kai a kowane ƙauye, waɗanda mutanen ƙauyen ne ke zaɓensu daga cikinsu, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na yara na samun allurarsu. Mutum ya fi saurin yarda da wanda suke haɗuwa a kasuwa da wurin suna.

Da korona ta zo, Faransawa da yawa sun ja baya. Ranar 12 ga Yulin 2021 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar cewa sai da takardar shaida mutum zai shiga gidan cin abinci ko jirgin ƙasa mai dogon zango. Cikin kwana ɗaya kusan mutum miliyan guda suka nemi a ba su ranar yin allura. Dubban wasu kuma suka fito tituna suna zanga-zanga, makonni a jere. Wannan ce zanga-zangar da kakanki ya ji a rediyo. Abin da wataƙila bai ji ba shi ne, kafin shekarar ta ƙare sama da kashi 70 cikin ɗari na Faransawa sun yi allurar.

A Fotugal, wani babban hafsan sojan ruwa, Henrique Gouveia e Melo, aka damƙa wa aikin. A lokacin ba ɗan siyasa ba ne, kuma ya nesanta aikin daga jam'iyyu. Zuwa watan Oktoban 2021 kimanin kashi 85 cikin ɗari na 'yan ƙasar sun kammala allurarsu, abin da ƙasashe ƙalilan suka iya a lokacin.

A Tanzaniya, Shugaba John Magufuli ya ƙi karɓar allurar korona, ya ce bai yarda da ita ba. Ya rasu a watan Maris na 2021. Wadda ta gaje shi, Samia Suluhu Hassan, ta sauya hanya, aka yi mata allurar a gaban kyamara a ƙarshen watan Yuli na shekarar. Ƙasa ɗaya, mutane ɗaya, amma da bakin shugaba ya sauya, sai aikin ya fara.

A Amurka, baƙar fata da yawa sun yi ɗari-ɗari da farko, kuma suna da nasu tabon. Daga 1932 zuwa 1972, a yankin Tuskegee na Jihar Alabama, jami'an lafiya na gwamnati sun zura wa ɗaruruwan maza baƙar fata masu ciwon tunjere ido ba tare da ba su magani ba, don kawai su ga yadda cutar ke cin jiki. A Pakistan kuwa, a 2011, hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi na bogi a garin Abbottabad don neman Usama bin Ladan. Bayan asirin ya tonu, ma'aikatan rigakafi na gaskiya suka shiga haɗari, an kashe da dama daga cikinsu. Har yau Pakistan da Afganistan ne kaɗai ƙasashen da asalin ƙwayar shan inna ba ta bari ba.

Akwai kuma inda tsoron ya samo asali daga ƙarya tsagwaronta. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa cewa allurar ƙyanda na da alaƙa da wata lalurar ƙwaƙwalwa a yara. Daga baya aka gano aikin nasa cike yake da maguɗi, mujallar ta janye rubutun a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. Amma ƙaryar ta riga ta zaga duniya. A tsibirin Samowa, inda iyaye suka ja baya da allurar, ƙyanda ta kashe mutum 83 a ƙarshen 2019, galibinsu ƙananan yara, a ƙasar da jama'arta ba su wuce dubu 200 da 'yan kai ba.

In kuka haɗa waɗannan labarai za ku ga abubuwa uku ne ke juya ra'ayin jama'a: abin da aka taɓa yi musu a baya, wanda ya kawo musu saƙon, da kuma ko suna ganin cutar da idonsu.

Korona a wajenmu

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, a Nijar kuma cikin watan Maris. Allurar ta iso Abuja ranar 2 ga Maris na 2021, kusan miliyan huɗu ta kamfanin AstraZeneca. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan jiharku, an yi masa tasa a gaban kyamara ranar 6 ga watan. Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya fito fili ya ce shi ba zai yi ba. Nijar kuwa ta fara da allurar Sinopharm da Sin ta ba ta.

Mutane da yawa a ƙauyukanmu sun kira korona cutar masu kuɗi da masu hawa jirgi. Sun ga an rufe masallatai da kasuwanni da makarantu, sun ji yunwa, amma ba su ga gawarwaki a titi kamar yadda aka tsoratar da su ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne cutar ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, mu kuwa yawancinmu yara ne da matasa. Kakanki ya tsira, alhamdu lillahi. Amma tsirar mutum ɗaya ba hujja ba ce a kan cuta. Wanda ya tsallaka titi ido rufe ya kai lafiya, ba zai ce wa jikansa ya gwada ba.

Kuma adalci ne a faɗi cewa ba duk wanda bai yi allura ba ne ya ƙi ta. Ƙasashe masu arziki sun saye kaso mafi yawa tun farko, mu aka bar mu da jira. Wasu da aka aiko mana daga baya sun zo dab da lalacewa, har a watan Disambar 2021 gwamnati ta lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja. A yankin Jibiya kuma ku kun fi ni sanin yadda matsalar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka, ta hana ma'aikatan lafiya shiga wasu. Sannan akwai tambayar da iyaye ke yi wadda ba a raina ta: me ya sa maganin zazzaɓi sai da kuɗi, amma ɗigon shan inna har gida ake biyo mu da shi kyauta? Amsar ita ce duniya ta haɗa kuɗi na musamman don kawar da shan inna baki ɗaya, kamar yadda aka kawar da agana a 1980. Amma ƙorafin na nan daram, kuma haƙƙin gwamnati ne ta gyara asibitocin karkara. Sai dai hana yaro rigakafi ba ya hukunta gwamnati. Yaron yake hukuntawa.

Yadda abin ke aiki

Ku tuna darasin bayoloji. Jiki na da garkuwa, wato ƙwayoyin jini farare da sinadaran da suke ƙerawa don yaƙar baƙuwar cuta. Matsalar ita ce, a karon farko jiki kan ɗauki kwanaki kafin ya gane abokin gaba, kuma a cikin kwanakin nan cuta kamar sanƙarau na iya gama ɓarna. Rigakafi na nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɗan ɓangare nata, don ya haddace kamanninta. Ranar da ta gaske ta zo, sai ta tarar an shirya mata.

Shin yana da illa? Zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu, kumburi a wurin allura, kukan jariri da dare, duk suna faruwa. Akwai kuma illoli masu tsanani da kan faru nadiran. Misali, a 2021 an gano allurar AstraZeneca na jawo daskarewar jini ga mutane 'yan ƙalilan ƙwarai, wasu ƙasashen Turai suka dakatar da ita na ɗan lokaci, wasu suka taƙaita ta ga manya. Duk wanda ya ce muku magani ba shi da illa ko kaɗan, bai gaya muku gaskiya ba. Tambayar da mai hankali ke yi ita ce: wanne ya fi haɗari, allurar ko cutar?

Wani zai ce, tunda an ce shan inna ya ƙare, me masu ɗigon ke nema har yanzu? Ɗigon na ɗauke da ƙwayar da aka raunana. A garin da yawancin yara suka karɓa, ba ta samun wurin zama. A garin da yara da yawa ba su karɓa ba, tana iya yawo daga yaro zuwa yaro tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi. Wannan nau'i ne ake fama da shi yanzu a Arewa maso Yamma, kuma maganinsa shi ne a rufe giɓin. Ƙyanda ma haka take: sai kimanin yara 95 cikin 100 sun yi allura kafin gari ya samu kariya. Najeriya kuwa na da sama da yara miliyan biyu da ba a taɓa yi musu allurar farko ba. Wannan giɓi ne ya buɗe wa mashaƙo ƙofa, cutar da ta ɓarke a Kano da Katsina da Yobe da wasu jihohi a 2023, ta kuma taɓa yankin Damagaram a Nijar.

Ku mutanen bakin iyaka wannan ya fi shafa. Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne tun tarihi, aure da kasuwa da zumunci sun haɗa ku. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, amma ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Yaron da ya kamu a Ɗan Isa na iya kwana a Jibiya gobe, na Bugaje kuma ya je suna Maraɗi jibi. Shi ya sa ƙasashen biyu kan daidaita ranakun rigakafinsu. Kuma an ga amfanin haka: allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta bi baya a 2011, ta kusan shafe nau'in da ya yi ɓarnar 1996.

To me za ki gaya musu?

'Yata, kada ki je da gardama, kada kuma ki nuna kin fi su sani. Ki samu Inna ita kaɗai, lokacin da hankalinta ke kwance, ki tambaye ta abin da take tsoro, ki saurara har ta gama. Wataƙila ta taɓa ganin yaron da ya kwana yana kuka bayan allura. Wataƙila ita ta yarda, izini ne ba ta samu ba. Sai kin san ciwon sannan ki san maganinsa.

Kakanki kuwa, ki tambaye shi labarin agana da baƙon dauro a zamaninsu, da yara nawa aka rasa a gidansu. Ki duba damtsensa, mai yiwuwa akwai tabon lamba. Ki tambaye shi ko akwai alhajin da ke zuwa Makka a yanzu ba tare da allurar sanƙarau da ta shawara ba, tunda Saudiyya ba ta karɓar maniyyatanmu sai da su. Ki bar shi ya ba da amsa da kansa.

Sannan ki nemi wanda suke jin maganarsa, ko limami, ko mai unguwa, ko ungozoma, ko wata gwaggo da ta yi wa 'ya'yanta duka kuma ga su nan sun yi aure sun haihu. Ki roƙi a je asibitin da ya fi kusa a yi wa ma'aikaciyar lafiya duk tambayar da ake so. A tsarin Najeriya ana yi wa jariri allura da zarar an haife shi, sai a mako na 6 da na 10 da na 14, sai wata 9, sai wata 15, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ƙaninki bai makara ba, za a iya fara masa daga inda yake, ga shi kuma wata mai zuwa ne lokacin allurar ƙyanda. In ba su amince a karon farko ba, kada ki yi fushi. Ki sake komawa.

Sauran ɗalibai, ga aikin gida. Kowa ya tambayi mahaifiyarsa katin rigakafin ƙannensa, ya duba ko akwai gurbin da ba a cike ba. Sannan duk saƙon murya da ya shigo wayar gidanku ta WhatsApp a kan wata allura, kafin a tura wa wani, ku yi tambaya uku: wa ya faɗa, a ina ya samo, kuma wa zan tambaya a garinmu ya tabbatar mini? Ku rubuto mini abin da kuka gano, zan kawo wasu daga cikin wasiƙunku a fitowa ta gaba.

Ke kuma 'yata ta Bugaje, ina jiran labarin ƙaninki. Allah Ya raya shi, Ya ba iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.